Ciyawa Mai Naɗi

A gindin ganuwar Istanbul mahaifina yake da lambu,
taku arba'in a tsaye, ashirin da 'yan kai a kwance.
Cevdet mai latas, haka unguwa ta san shi.
Kakansa ne ya haƙa rijiyar, ko kakan kakansa,
shi kansa bai tantance ba.
Abin da ya sani, ruwanta na kashe haƙori
ko da rana ta take tsaka.

Da asuba yakan ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya,
yana farautar dodon-koɗi kamar mai bin bashi.
Innata Nazmiye na ɗaure na'a-na'a da zare,
ta ƙirga, ta ɓata, ta sake.
Akwai wani ɓaure da ya tsaga dutsen ganuwa ya fito,
ba wanda ya shuka shi,
ba wanda ya tambaye shi takarda.

Sai birni ya fara matsowa.
Birni ba ya gudu, aro yake yi:
bana ya ari bakin hanya,
baɗi ya ari inuwa,
wata shekara benaye suka ari hantsi
ba su dawo da shi ba.

Ranan nan ga masu hular kwano ruwan ɗorawa
da na'urar awo mai ƙafa uku.
Suka ce za a yi wurin shaƙatawa, kore shar.
Baba ya dubi alayyafo, ya dubi albasa,
ya ce, «To, wannan wane launi ne?»
Suka yi dariya, suka sha shayinsa, suka buga turaku.

Katafila ta zo ran Talata,
saura kwana goma sha ɗaya latas ya isa yanka.
Aka rufe bakin rijiya da sumunti
faɗin faifai biyu.

Yau ni ne mai koren kaki,
ma'aikacin hukumar birni, sashen lambuna.
Ciyawa kan zo mana a mota, naɗe kamar tabarma,
mu shimfiɗa, mu danne, mu kafa allo: kada a taka.
Fure kuwa mako shida ne wa'adinsa,
mu tumɓuke shi tun bai san sunan ƙasar ba.

Ba zan yi ƙarya ba, ana zuwa.
Jiya wata yarinya ta koyi keke a kan komin kabejinmu,
ta faɗi sau uku, ta tashi tana ƙyalƙyala.
Tsofaffin da ba su da tsakar gida
suna zama kan benci su miƙe ƙafa.
Ban san wa zan yi wa fushi ba.

Baba na hawa na tara yanzu,
bas biyu da jirgin ƙasa daga nan.
Inna ta riga mu gidan gaskiya.
Ya jera gwangwanayen man zaitun a baranda,
ya cika su da ƙasar leda,
ƙasar da ya ce ba ta san kowa ba.
Iska na karya masa latas, yana zaginta,
yana sake shukawa.

Makon da shamuwa ke ratsa mashigin teku ayari-ayari,
ina tafe da injin aski,
ƙafata ta ji inda ƙasa ke amsawa kamar ganga.
Nan kusa, ta tsakanin naɗi da naɗi,
na'a-na'a ta leƙo, kai uku.
Shugabana Bülent ya ce, «Cire, haki ne.»
Na cire. Na sa aljihu.

Da dare na ajiye ta a tafin Baba.
Ya murza, ya shinshina, ya daɗe.
Ya ce, «Ta komin gabas ce, ta uwarka.»
Sannan ya ce in ɗora ruwa.